Mangwaron da Jethro Ya Dasa

In ka shiga Makera kana neman gidan Jethro, sai an tsaya ana tambayarka wane Jethro. Amma ka ce Baba Leda, ko mai rake na bakin layi zai nuna maka ƙofa da tsinin wuƙarsa. Mijin yayata Celina ne. Ni ce Phoebe, autar gidanmu, mai kitso a Sabon Tasha, kuma tun ranar da aka ɗaura musu aure nake morar damar da al'ada ta ba ƙanwar mata ta tsokani mijin yayarta. Ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. Sunan nan na Baba Leda ma daga bakina ya fito, unguwa ta ɗauka.

A kwatas ɗin 'yan reluwe aka haife shi, nan cikin Kaduna. Iyayensa mutanen wajen Kafanchan ne, amma shi gona sai dai ya hango ta daga tagar mota in za a tafi gida Kirsimeti. Wannan bai hana shi bugun ƙirji ba. In ana hirar noma sai ka ji ya gyara murya ya ce, "Mu jinin manoma," alhali in ka kai shi gonar citta ka ce ya nuna maka inda cittar take, sama zai kalla. Yana saurayi ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen ɗaurin kaya. Atamfa ta fito daga inji, a ninke, a jera, a naɗe da leda mai kauri, a ɗaure ta zama dila. Aikinsa ke nan sama da shekara ashirin, kuma ya iya shi. Yakan ce dilar da ya ɗaure ko a kogi ta faɗa, in aka tsamo ta a bushe za a sami atamfar ciki. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce ba ƙarya yake yi ba.

Da masaƙa ta tsaya, abokan aikinsa suka watse. Wasu suka hau acaɓa, wasu suka koma ƙauye, wasu baƙin ciki ya kwantar da su. Jethro ya samu gadi a wata makarantar kuɗi a Sabon Tasha. Abu biyu ya fito da su daga masaƙa: wani naɗin leda mai kauri da ya tura ƙarƙashin gado, da kuma imanin cewa duk abin da kake so ya daɗe, ba ka barinsa tsirara. Katifarsu har yau tana cikin ledar da aka sayo ta. Rimot na cikin leda. Littafi Mai Tsarki na cikin leda, rediyo ma haka, an dai huda wa eriya ƙofa. Kujerun falo kuwa, in ka zauna a kansu da zafin Maris, in za ka tashi sai ka ɓamɓare kanka da ƙarfi. Na taɓa ce masa, "Yaya Jethro, ina mamakin yadda ka bar matarka tana yawo haka ba ka naɗe ta ba." Ya yi murmushin yaƙe.

Kada a ɗauka mugun mutum nake siffantawa. Ba ya sha, ba ya ɗaga murya, bai taɓa barin yayata ta kwana da yunwa ba ko a shekarun da gidajen 'yan masaƙa suka sha wuya. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, wato a yi masa dariya a kan abin da ya ce ya sani. Ina ganin tun rufe masaƙa abin ya yi masa yawa. Mutumin da ake ce wa oga a sashensa ya koma buɗe wa iyayen yara get yana sara musu. Abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce Jethro ba ya aikin banza.

Yaya Celina kuwa 'yar gona ce ta gaske. Ita ta taso a gefen Baba a ƙauyenmu da ke bayan Zonkwa, ni ina can ina gudun fartanya. A ƙofar gidanmu akwai wani mangwaro da Baba ya dasa shekarar da ya yi aure. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su da kyan gani, amma in ka sha ɗaya ba za ka ƙara kallon na kasuwa ba. A inuwarsa ake daka, a nan ake sasanta rigima, a nan kuma muka karɓi gaisuwar rasuwar Baba, don ya tafi ne daidai lokacin da bishiyar ke zuba. Bayan jama'a sun watse Yaya ta tsinci guda ɗaya, ta sha tana kuka, ta ƙulle ƙwallon a bakin zani. Ta ɗebi ƙasar gindin a 'yar baƙar leda irin ta masu rainon itatuwa, ta shuka shi a ciki, ta riƙo a kan cinya har Kaduna. Shekara na zagayowa aka zo faɗaɗa hanya, aka tumɓuke uwar bishiyar. Daga ranar, duk abin da ya rage na mangwaron Baba shi ne ɗan tsiron nan da ke bayan ɗakin girkin Yaya a Makera.

Ta yi ta lallaɓa shi har ya kai tsawon hannu. Ta ce in damina ta zauna za ta dasa shi a tsakar gida, kusa da katanga. Sai ga waya daga Lakwaja, 'yarsu Vicky ta haihu kafin lokaci. Yaya ta haɗa kaya a gurguje. A bakin ƙofa, mai keke na ta danna mata oda, ta juyo ta ce wa mijinta:

"Baban Vicky, in ruwa ya sauka sosai ka dasa mini mangwaron nan. Rami mai zurfi, ka zuba taki. Ko in kira Monday ya zo ya yi?"

Monday shi ne mai kula da furanni a makarantar da Jethro ke gadi. Da ba ta ambaci sunansa ba, wataƙila da Jethro ya tambayi wani yadda ake yi. Amma ta ambata.

"Don dasa itace ɗaya sai an kira mini ƙato gida? Tafi abinki, Maman Vicky. Jinin manoma ne a nan."

Abin da ya faru ranar dashen daga bakinsa na ji shi, bayan komai ya wuce. Ya haƙa rami mai kyau, ya zuba taki kamar yadda aka ce. Da ya ɗago tsiron sai ya ga baƙar ledar ta tsage a ƙasa, wata farar saiwa ta leƙo waje. Wanda ya san gona murna zai yi, don itacen na nuna wurin ya yi masa kaɗan, ƙasa yake nema. Jethro kuwa abin da ya gani shi ne dila ta fashe. Ya tuna da garar da ta cinye masa ƙyauren banɗaki. Ya ce a ransa, abu mai laushi haka, in na bar shi tsirara a cikin ƙasa ai abincin gara ne. Ya shiga ɗaki ya jawo ledar masaƙa, wadda ko Vicky bai yarda ya yankar wa ba lokacin da za ta tafi makarantar kwana. Ya lanƙwasa saiwar a hankali ya mai da ita ciki, ya naɗe ninki biyu, ya ɗaure wuyan da igiyar roba, ɗauri irin na masaƙa. Ya ɗauki ƙusa ya huda 'yan ƙofofi don iska ta shiga. Ya binne, ya daddale ƙasa, ya kewaye da bulo saboda awaki. Ya ce mini ranar har wanka ya yi, ya fito da kujera ya zauna yana kallon aikinsa, yana jin ya yi wa surukinsa gata.

Yaya ta dawo ta tarar da itacenta a tsaye, ta yi godiya har da dafa masa kaza. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan sai itacen ya kai ƙirjin mutum ya tsaya cak. Ganyensa ƙanana, bakinsu rawaya. Mangwaron da wasu a layin suka shuka bayansa ya haura kwanon rufi, na Baba yana nan jiya i yau, ko fure bai taɓa gwadawa ba. Ba abin da Yaya ba ta zuba masa ba: kashin kaji, toka, takin shanu da ta roƙo daga wajen mahauta. Ta tambayi mijinta ko ramin ya yi zurfi, ya ce ya wuce gwiwa, kuma gaskiya ya faɗa. Ba ta tambaye shi zancen leda ba, don wanda ya ce maka ya ci ayaba ba ka tambayarsa ko ya ɓare.

In na je yi mata kitso, takan zauna tsakanin ƙafafuna ta fuskanci itacen tana lissafi a fili. Ta ce Baba ya koya mata cewa rabin itace a ƙasa yake. Akwai uwar saiwa, ita ke nitsewa can ƙasa inda rani ba ya kaiwa, ta nemo danshi, ta kuma riƙe itacen kada iska ta kayar da shi. Sai ƙananan, masu kama da gashi, su ke bazuwa gefe har iyakar inda inuwa ta kai, kuma su ne bakin itacen, da su yake shan ruwa ya ja abincin da ke cikin ƙasa ya aika wa ganye. Ta ce in ka ga ganye ya yi rawaya kada ka tsaya kallon sama, matsalar a ƙasa take. "Akwai abin da ke damun saiwar nan, Phoebe," in ji ta, "ban dai gano shi ba tukuna." Jethro na gefe yana goge takalmi, yana gyaɗa kai kamar malamin gona, don a lokacin shi ma bai sani ba.

Wata damina makarantarsu ta sayo itatuwa za a jera a jikin katanga. Jethro na bakin get ya hango Monday yana tsaga ledojin da reza, yana zare su yana yarwa, yana saka tsiron da ƙasarsa kawai a rami. Abin ya ɓata masa rai, ya taka ya je.

"Kai Monday, wane irin aikin ganganci ne wannan? Ka tuɓe su tsirara haka, gara fa?"

Monday ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "Haba Baba, leda ai ta raino ce kawai. In ka binne shi da ita, jijiyar ba ta da wajen zuwa, za ta yi ta zagaye a ciki har ta shaƙe kanta. Wa ma zai yi haka, in ba wanda bai taɓa taka gona ba?"

Ya kwashe da dariya. Jethro ma ya taya shi dariyar. Sannan ya koma ɗakin gadi ya zauna, abincin da Yaya ta ƙullo masa ranar haka ya dawo da shi gida ko buɗewa bai yi ba.

Ya ce da niyyar faɗa wa Yaya gaskiya ya dawo, kuma na yarda da shi. Sai ya tarar da tsakar gida cike da matan zumuntar coci suna gwajin waƙa da tulunansu na kiɗa. Ya ce gobe. Goben ta zo, ya dubi fuskar matarsa, ya hango labarin ya fita layi, ya isa coci, ya isa shagona, ya ji har muryar da zan yi masa dariya da ita. Ya sake cewa gobe. Ya yi tunanin ya haƙe a ɓoye in ta tafi kasuwa, amma matar da ko kaza ta yi tono a gindin itacen sai ta gane, ina zai ɓoye mata rami? Daga ƙarshe sai ya koma addu'a Allah ya sa ledar ta ruɓe da kanta. Shi da ya shekara ashirin yana cika baki a kan cewa ledar nan ba ta ruɓewa.

Bayan katangar da itacen yake, gidan Malam Abubakar ne mai gyaran keken ɗinki, da matarsa Asabe, wadda kowa ke kira Maman Ummi, mai sana'ar awara. Maƙwabtakarsu ta daɗe. Lokutan da gari ya hargitse, kowa na kwashe kaya yana komawa inda nasa suka fi yawa, gidajen nan biyu ba wanda ya motsa, wannan ya tsare wa wancan ƙofa. Shinkafar Kirsimeti na tsallaka katanga, naman layya na tsallakowa. Kullum da safe Asabe na wanke waken suya, ta jiƙa, ta tace, ta zubar da ruwan a gindin katanga ta ɓangarenta. Wurin ba ya bushewa rani da damina. Yaya ta daɗe tana kallon danshin nan da ke jikin katangar, har wata rana ta yanke shawara ta yafa gyale ta zagaya.

"Maman Ummi, alfarma na zo nema, kada ki ji haushi."

"Haba Maman Vicky, tsakanina da ke har sai an ce alfarma?"

"Ruwan awarar nan naki. Ina ganin shi ke ratsowa yana ƙona mini mangwaro. Kin san akwai tsami a ciki."

"Ruwan wanke wake ne fa yawanci. Mai tsamin ai awaki nake ba."

"Na sani. Amma itacen Babana ne, ba ni da wani."

Asabe ta ce, "To, in dai ni ce, an daina daga yau. Allah Ya raya miki shi."

Katangar ba ta da tsawo. Jethro na zaune a barandarsa, duk ya ji, kuma bai ce komai ba.

Daga ranar Asabe ta koma ɗaukar ruwan a bokiti zuwa babbar kwata da ke ƙarshen layi. Mace ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, 'yarta Ummi kuma ta yi aure. Kullum in Jethro ya fito zai tafi aiki sai ya ci karo da ita tana ɗingishi da bokiti, zaninta ya jiƙe. Ta kan sauke ta ce, "Baban Vicky, an fito? Ya jikin mangwaronmu?" Ba da gatse take faɗa ba, da zuciya ɗaya take tambaya, shi ne ma abin da ya fi ci masa rai. Ya sauya hanya, ya riƙa zagayawa ta bayan layi yana tsallake kwatoci da kakinsa mai guga. Ya rage cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yaya ta ɗauka taifot ne, ta yi ta dafa masa ganye. Tsakanin matan biyu kuwa ba a yi faɗa ba, amma hira ta koma gaisuwa. Da Sallah naman ya zo kamar kullum, sai dai aike aka yi, Asabe ba ta shigo da kanta ba.

Rani ya shigo, gindin katanga ya bushe ƙayau a karon farko. Maimakon itacen ya farfaɗo, sai ya fara zubar da ganye, kan rassansa ya yi baƙi. Yaya na jan ruwan rijiya safe da yamma tana zuba masa, ruwan ya taru a gindi ya malale gefe, itacen na ƙara lalacewa.

Wata Asabar da hantsi na je yi mata kitso. Na yi rabin kai ke nan ta ce, "Phoebe, ni fa ina zargin matar nan ba ta daina ba. Wataƙila in mun tafi coci take zubawa. Yau wajen Malam Abubakar zan je da kaina, ya yi mata magana."

Jethro na baranda yana guga. Na ji ya ajiye dutsen gugar da ƙarfi.

"Ba inda za ki."

Tunda nake ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba. Ya dube ni ya ce, "Phoebe, je ki kira mini Maman Ummi. Ki ce ina roƙonta don Allah ta shigo."

Kafin mu dawo ya ɗauko shebur, ya kwashe bulon da ya kewaye itacen. Yaya na tsaye da rabin kitso tana ihu, "Baban Vicky, za ka kashe shi! Me ya same ka?" Bai kula ta ba. Ya haƙa daga nesa yana matsowa, gumi na zuba, Asabe na tsaye a gefena hannunta duk dusar wake, tana tambayata da ido ko lafiya. Can sai shebur ya taɓa wani abu ya yi ƙara. Ni na fara gane ƙarar, don na sha kwana a kan katifarsu.

Ya ajiye shebur ya ci gaba da hannu. Ledar ta fito fes, in ka wanke ta sai ka rantse jiya aka binne. Ƙullin na nan daram yadda ya yi shi. Igiyar kuwa, da itacen ya yi kauri, ta nitse cikin jikinsa ta shaƙe shi. Ya karɓi wuƙa ya tsaga ledar. Wani wari mai tsami ya taso. Saiwar duk ta naɗe kanta kamar gammo, zagaye a kan zagaye, tsakiyar ta yi baƙi ta ruɓe. Uwar saiwar da ya kamata ta nitse neman ruwa tana nan a lanƙwashe yadda ya mai da ita ciki da hannunsa, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya duk shekarun nan.

Yaya ta daina ihu. Ta durƙusa a bakin ramin tana taɓa saiwar da yatsa, sai ta ga wata guda ɗaya da ta fita ta ƙofar ƙusa. A daidai ƙofar ta tsuke siririya, daga waje kuma ta yi kaurin babban yatsa. Ba ƙasa ta nufa ba, gefe ta yi. Yaya ta riƙa tone ƙasa da farce tana bin ta, tana bin ta, har hannunta ya tokari tushen katanga. Saiwar ta shige ƙarƙashi, ta nufi gidan Asabe, daidai inda ake zubar da ruwan wake.

Ita ta riga mu ganewa. Ta ɗago ta dubi Asabe.

"Wannan kaɗai ta samu hanya. Wajen ruwanki ta tafi, Maman Ummi. Duk shekarun nan ruwanki yake sha. Ni kuma na je na hana ki."

Ta ɗan lanƙwasa saiwar, ta karye ƙas, ta riga ta bushe. Yaya ta juya a kan gwiwoyinta ta kama ƙafar Asabe. Asabe ta rikice tana ja da baya tana cewa, "Subhanallahi, tashi, Maman Vicky, don Allah tashi, wallahi ban riƙe ki da komai ba." Ita ma hawaye take yi, tana sharewa da bakin hijabi.

Jethro na tsaye a cikin ramin, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya faɗi komai, daga gara har zuwa dariyar Monday, idonsa a ƙasa. Shekara da shekaru ina neman abin tsokana irin wannan a kansa, ga shi an ajiye mini a gaba, amma ko murmushi na kasa. Kunya ce ta rufe ni kamar ni na aikata, ga haushinsa, ga tausayinsa, na rasa wanda zan bi. Dariyar da ya yi ta gudu ba wanda ya yi ta, kuma na ga alama da an yi masa ita da ya fi samun sauƙi.

Da ya gama Yaya ta tambaye shi a hankali, "Yaushe ka sani?"

"Damina biyu ke nan."

"Kafin in je wajenta?"

"Kafin."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Ledar ban ga laifinka ba, Baban Vicky. Ba ka sani ba, kuma gata ka so ka yi masa. Amma lokacin da ka sani yana da sauran ƙarfi. Da mun buɗe shi a waccan daminar, da ya kama."

Ta tashi ta shige ɗaki da rabin kitsonta.

Da yamma ita da Asabe suka yi abin da za a iya yi. Suka yanke ruɓaɓɓen, suka warware sauran a hankali, suka zare igiyar daga jikinsa, suka sake binne shi a sabuwar ƙasa, suka yi masa rumfa da buhu. Jethro ke jan ruwa yana kawowa, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Washegari bayan coci ya sa kaftaninsa ya je ya durƙusa a gaban Malam Abubakar. Malam ya ce komai ya wuce, ya kuma ce da matarsa ta ci gaba da zuba ruwanta inda ta saba, ko Allah zai sa a dace.

Da ruwan farko ya sauka itacen ya fitar da 'yan jajayen ganye a kan reshe ɗaya. Yaya ta kira ni a waya tana dariya tana kuka. Ba a jima ba ganyen suka yi laushi, suka bushe. Kafin damina ta yi nisa ya zama sanda. Jethro ne ya cire shi da kansa, da hannu ɗaya ya fito.

Suna nan tare, shi da Yaya. Tana dafa masa abinci, suna tafiya coci gefe da gefe, ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma ina ganin da ta tayar da ya fi masa. Katifar na nan cikin ledarta, rimot ma haka, mutum ba ya sauya hali a wannan shekaru. Unguwa na nan tana kiransa Baba Leda, don Asabe ba ta faɗa wa kowa ba, su a wajensu sunan wasa ne kawai. Ni dai na daina. In lokacin mangwaro ya zo, masu tallansa suka cika bakin titi tun daga Kakuri har Sabon Tasha, Yaya ba ta saye, shi kuma ba ya tambayar dalili.

Asabe ta koma shigowa gidan kamar da, gwiwarta ma ta samu sauƙi tunda ta huta da bokiti. Kullum da safe tana zubar da ruwan wakenta a gindin katanga, danshin ya dawo ya ratso har ɓangaren su Yaya, inda yanzu babu abin da zai sha shi. Na sha kwana a gidan na gani da idona. Jethro na zaune a baranda da kofin shayinsa, da ya ji saukar ruwan nan a bayan katanga sai ya ajiye kofin, ya tashi ya shige ɗaki.